Daga Ramin Salga Zuwa Fako: Yadda Ake Mai Da Lakar Bayan Gida Takin Raya Matacciyar Ƙasa a Maradi

Duk wanda ya saba fita bayan garin Maradi da sassafe ya san motar nan mai tanki. Takan sauka daga kwalta, ta nemi wani kwari ko tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini, ta buɗe tiyo, ta juye abin da ta zuƙo daga salgar mutane, ta juya. Kafin hantsi ƙuda ya rufe wurin, awaki na kiwo a gefe, yara na wucewa da jarkokin ruwa. Ranar da ruwan sama ya sauka kuwa, sai abin ya bi ƙorama ya nufi Gulbi. Mu da muka ga kwalarar da ta tashi daga Madarunfa a 2018, muka sake ganin ta 2021, ba sai an faɗa mana inda wannan hanya take kaiwa ba.

Tafiya kaɗan daga wurin sai ka tarar da fako. Ƙasa ta daskare ta yi sulɓi kamar daɓe, ko ƙarangiya ba ta yarda ta fito ba, ruwa na sauka yana zamewa. Abin da fakon nan ya rasa yana cikin abin da motar ta zubar. Amma tsakanin su biyun akwai aiki na wata shida zuwa sama da shekara guda, kuma wanda ya tsallake aikin nan cuta ya kai gona, ba taki ba. Wannan aikin nake son in shimfiɗa daki-daki, don ƙungiyar manoma, ko kwamitin gari, ko mai gona da ke da ƙarfin ɗaukar ma'aikata biyu ko uku.

Abin da ke cikin lakar

Ƙasar jigawarmu rairayi ce. Ruɓaɓɓen abu a cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma tana da ƙarancin fosfor sosai. A fako abin ya fi muni: iska da ruwa sun kwashe saman, rana ta gasa sauran. Lakar salga kuwa, idan ta bushe, ta ƙunshi azot da fosfor, sinadaran da shuka ke ci, da ruɓaɓɓen abu mai riƙe laima. Potas ne ba ta da shi da yawa, kuma tokar murhu tana cike wannan giɓin.

Matsalarta ita ce ƙwayoyin cuta: na kwalara, na taifot, na atuni, da ƙwan tsutsar ciki. Yawancinsu rana da bushewa na kashe su cikin makonni. Ƙwan macijin ciki ne mai taurin kai, yana iya yin watanni, har shekaru, a cikin ƙasa bai mutu ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2006, ta mai da shi ma'auni: taki bai zama lafiyayye ba sai an rasa ko da ƙwai ɗaya a cikin kowane giram na busasshen abin. Duk matakan da ke tafe, ƙwan nan ake farauta.

Kada kuma a ce wannan baƙon abu ne a jiharmu. A Agye, wajen 2009, an yi aiki da manoma kan abin da suka sa wa suna takin ruwa da taki busasshe. Matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya ta nan Maradi su ne suka fito da Oga, fitsarin da aka adana ya tsumu, kuma gwajin da aka yi a gonakinsu ya nuna ƙarin amfanin hatsi da ya kai kusan kashi 30 cikin 100. Laka dai ta fi fitsari haɗari nesa ba kusa ba, saboda haka hanyarta ta fi tsawo.

Mataki na farko: ƙasa da takarda, tun da kaka

Fara da takarda kafin diga. Fako ba shi da mai shi sai ranar da ya yi ciyawa. Ran nan sai magada su fito ta ko'ina. Idan gonar gado ce, a zauna da ƴan'uwa. Idan aro ce ko jingina, a rubuta shekarun da za a yi da wanda zai mallaki itatuwan. Idan makiyaya ce ta gari, a sa maigari da wakilan makiyaya a ciki tun ranar farko. Tsarin dokar karkara na 1993 ya tanadi hukumomin filaye, Kofo, tun daga ƙauye har gunduma, kuma aikinsu ke nan su ba da shaidar irin wannan yarjejeniya. Sai kuma ka je ma'aikatar magajin gari da jami'an tsabta da na gandun daji, ka bayyana musu abin da kake nufi, ka karɓi izini a rubuce.

Wuri biyu kake buƙata: wurin sarrafa laka da filin da za a raya. Wurin sarrafawa ya kasance a kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Wanda ya ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi wa Maradi ba zai yi gardama a kan wannan ba. Kada ya kasance a fadamar Gulbin Maradi ko ta Gulbin Kaba, inda ruwa ke kusa da sama. Nemi inda rijiya take da gaba da yawa. Ga salga ɗaya ma, ƙa'ida ita ce mita 30 daga rijiya. Ga wurin da motoci za su riƙa juyewa, ni ba na yarda da ƙasa da mita 100, sannan ya yi nisan ƴan ɗaruruwan mita da gidaje. Lura da iska: ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma. Tunda da rani za a yi yawancin aikin, a ajiye wurin yamma ko kudu da gari. A kewaye shi da waya ko shingen ƙaya mai kauri, da ƙofa ɗaya.

Mataki na biyu: wace laka za ka karɓa

Nan ne mutane suka fi sakaci, kuma nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Zafi na kashe ƙwayar cuta, amma ba ya kashe gubar ƙarfe irin dalma ko kurom. Idan gubar ƙarfe ta shiga gona ta zauna ke nan, jikokinka ma za su same ta. Mutanen Kano sun sha wannan da ruwan masana'antun fata na Chalawa da Sharaɗa.

Saboda haka ka karɓi lakar gidajen kwana, da makarantu, da masallatai. Ka ƙi ta asibiti da ɗakin shan magani. Ka ƙi ta garejin kanikawa, da wurin gyaran batir, da marina, da majemar da ke aiki da sinadarin kanti, da gidan mai. Ka ƙi kuma lakar magudanar titi, don ba ka san abin da ya haɗu a cikinta ba. Ka yi yarjejeniya da direba ɗaya ko biyu da ka amince da su, ka ajiye littafi: rana, unguwa, irin gidan da aka yashe. Idan ka ga mai na yawo a sama, ko launi ya yi shuɗi ko kore, ko ka ji warin fetur ko fenti, motar ta koma da kayanta. Direban zai ce maka, "Haba Alhaji, duk kashi ne." Ba duk ba ne.

Idan aikin zai yi girma, ka kai samfur a auna. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna nan kusa. Tambaye su inda za a duba maka ƙarafa da ƙwan tsutsa.

Mataki na uku: gadon shanya

Abin da mota ke kawowa kusan duk ruwa ne. Dole a tsane shi. Gadon shanya wani fili ne mai katangar da za ta ɗauke tsakuwa da yashi da lakar duka, wanda aka yi wa daɓen siminti ko aka shimfiɗa leda mai kauri, da ɗan gangare zuwa gefe guda. A ƙasa a kwantar da bututu mai huji-huji. A kansa a zuba manyan tsakuwa kamar santimita 20, sai ƙananan tsakuwa santimita 10, sai yashi mai tsabta santimita 15 a sama. Inda tiyo zai zuba a sa faifan siminti don kada ƙarfin ruwan ya tone yashin, a kuma sa raga ta ƙarfe da za ta tare leda, tsumma, kwalabe da ƙunzugun yara. Abin da raga ta tare a binne shi a rami mai zurfi.

Kada kaurin lakar ya wuce santimita 20 zuwa 30. Ga lissafin: mota mai lita 8,000, idan aka baza ta a kaurin santimita 25, tana cin fili mai faɗin mita 4 da tsawon mita 8. Gina gado biyu ko uku irin wannan, don wani na bushewa ana cika wani. Kada a zuba sabuwa a kan wadda ta fara bushewa.

Ruwan da ya tsane ta bututu yakan yi haske, amma kada hasken ya ruɗe ka. Har yanzu da cuta a ciki, ga gishiri. A kai shi wani rami rufaffe da aka shuka itatuwa a gefensa, ko a riƙa jiƙa tarin taki da shi a makon farko kawai. Kada a ba lambu, kada dabba ta sha.

Da iskar hunturu, cikin mako biyu zuwa uku lakar za ta tsattsage kamar ƙasan tafki da bazara, ta ɗago da shebur. A kwashe a hankali, a mai da yashin da ya bi ta. A nan zan gaya maka gaskiyar da ke sanyaya gwiwar wasu: mota guda ba ta ba da abu mai yawa. Idan lakar ramin siminti ce mai ruwa-ruwa, busasshen abin da zai rage bai fi kilo 200 ko kusa da haka ba. Wadda aka yashe da hannu daga salgar gargajiya ta fi kauri, amma ta fi shara.

Busasshiyar laka ba ta wari sosai, kuma a nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum cewa ta yi. Ba ta yi ba. Ƙwan tsutsa na nan da rai.

Mataki na huɗu: dafa takin

Wannan shi ne zuciyar aikin. Idan aka haɗa laka da ciyayi da laima daidai gwargwado, ƙananan halittun da ke ruɓar da abu sukan ɗaga zafin tarin har ya fi ƙarfin hannu. Zafin nan ne ke kashe ƙwan. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sama da digiri 50 na fiye da mako guda a dukan tarin. Dokar Amurka ta 1993 ta fi tsanani ga tarin da ake juyawa a fili: digiri 55 na kwana 15, da juyi biyar a cikin kwanakin. Ita nake ba da shawarar a bi, don gefen tari ba ya zafi kamar tsakiyarsa, juyin ne ke sa kowane ɓangare ya ɗanɗana wutar.

Awon da aka gwada a Kumasi ta ƙasar Gana tun farkon shekarun 2000 shi ne baro ɗaya na busasshiyar laka, baro biyu zuwa uku na sharar da ke ruɓewa. A nan Maradi abin haɗin ba ya wuya: ƙaiƙayin hatsi, ɓawon gujiya, ganyen dogonyaro da ya zuba, karan da aka daddatsa, sharar ƴan gwari ta kasuwa, tarosan shanu da kashin awaki. Ga kuma garmani, wanda ya cinye mana makiyayu. A yanke shi kafin ya yi ƴaƴa a zuba. Abu ɗaya ka riƙe: busasshiyar laka da busasshen kara kaɗai ba sa tashin zafi. Sai da ɗanyen abu a ciki, ganye ko sharar kasuwa ko ɗanyen kashin dabba, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na abin haɗin. A tsince leda, batir, kwalba da allura tun kafin a haɗa.

Yi tarin a inuwa, ƙarƙashin itace ko rumfar zana. Shimfiɗa kara a ƙasa don iska ta shiga. Sai ka riƙa jerawa: ciyayi, laka, ɗanyen abu, yayyafin ruwa, a sake. Faɗi mita 2, tsayi ya kai ƙirjin mutum, tsawo gwargwadon kayanka. Ƙaramin tari ba ya riƙe zafi. Kada a tattake shi. A lulluɓe da tsofaffin buhunan algarara ko zana, ba leda ba.

Laima ita ce babbar fama a ƙasarmu. Sa safar hannu, damƙi takin ka matse. Idan ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu suka fito, daidai ne. Idan ya wargaje ya bushe. Idan ruwa ya tsiyaya ya yi yawa, ƙara ƙaiƙayi. Da iskar Janairu tari na iya bushewa cikin kwana uku, zafin ya faɗi, mai aikin ya zaci ya nuna alhali ƙishirwa ce ta tsayar da shi. Saboda haka kafin ka fara, ka san daga ina ruwan yayyafi zai fito da wanda zai ɗauko shi.

Sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke. Kuɗinsa bai kai na jinyar yaro ɗaya ba. Kowace safiya a soka shi wuri uku, zurfin rabin mita, a rubuta a littafi. Wanda bai samu ba ya soka rodi, ya bar shi minti goma sha biyar, ya zaro. Idan ya iya riƙe bakin a tafin hannu ba tare da ya saki ba, zafin bai kai ba. Amma rodi ƙiyasi ne kawai, kuma takin da aka auna da rodi itatuwa za a zuba wa, ba amfanin abinci ba.

Cikin kwana uku zuwa biyar zafi ya kamata ya haura 55. Daga ran nan fara ƙirga. Duk kwana uku a juya: na waje ya koma ciki, na ƙasa ya hau sama, ana yayyafa ruwa mai tsabta. Idan zafin ya faɗi ya ƙi tashi, ƙara ɗanyen abu da ruwa, ka soma ƙirgar daga farko. Idan ya wuce 70, juya shi ya sha iska. Idan ka ji wari mai hawa kai kamar na tsohon fitsari, azot ne ke gudu, ƙara kara. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa alamar ruwa ya yi yawa ne, iska ba ta shiga. Bayan kwana 15 ɗin sun cika, a riƙa juyawa duk kwana goma har zafin ya sauka da kansa, wajen wata biyu ke nan. Shebur ɗin ɗanyar laka daban, na dafaffen taki daban. In ba haka ba ka mai da cutar da ka kashe.

Sai a bar tarin ya huce wata ɗaya zuwa biyu. Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa, ba ka gane abin da aka zuba. A lokacin ne za ka barbaɗa toka kaɗan. Idan ka sa ta da wuri tana korar azot. Gwada shi: kwano biyu, ɗaya rairayi zalla, ɗaya rabi taki rabi rairayi, ƙwayar wake goma a kowane. Idan na takin suka fito kamar na rairayin, ya yi. Na taɓa ganin an yi gaggawa an zuba wanda bai huce ba a ramukan dashe, cikin mako guda ganyen ƴan itatuwan ya ƙone daga baki, aikin rani guda ya tafi.

To idan tarin ya ƙi zafi fa, ko babu ma'auni, ko babu ruwan yayyafi? Akwai hanya ta biyu, ita ce haƙuri. A tara busasshiyar lakar a wuri mai rufi, a rubuta rana, kada a ƙara sabuwa, a bar ta fiye da shekara guda cur. Wannan ma yana cikin ƙa'idar Hukumar Lafiya ga ƙasashe masu zafi irin tamu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: wanda ba zai iya ko ɗaya cikin biyun ba, ya bar aikin.

Masu aikin

Takalmin ruwa, safar hannu mai kauri, takunkumi a hanci musamman ranar juyi da ranar ƙura, da kayan aiki da ba a zuwa gida da su. Ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Ba ci, ba sha, ba goro a cikin shinge. Ba yaro, ba mai ciki, ba mai ɗanyen rauni. A je asibiti a karɓi maganin tsutsa lokaci-lokaci da allurar tetanus. Duk lokacin da aka ji kwalara a gari, a daina karɓar laka har sai jami'an lafiya sun ce ta lafa. Mutanen da ke yashe mana salga sun daɗe suna shiga rami da ƙafa da hannu tsirara, ana biyansu ana kau da kai. Idan za mu ci moriyar aikinsu, lafiyarsu tana wuyanmu.

Mataki na biyar: buɗe fakon

Kada ka watsa takin a sarari kamar yadda ake watsa na dabbobi. A fako ruwan farko zai kwashe shi, iska ta ɗauki sauran, shanu su lashe. Rami ake yi masa, a rufe.

Idan filin shimfiɗaɗɗe ne, tassa ta fi, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki. A haƙa da rani: faɗi santimita 20 zuwa 40, zurfi 15 zuwa 20, ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Tazarar taku ɗaya, wato kimanin mita, layi na bin layi a karkace. Hekta na ɗaukar wajen rami 10,000. Kowane rami cikin hannu biyu, giram 300 zuwa 500, a rufe da ƴar ƙasa. Tan 3 zuwa 5 ke nan a hekta. Idan mota guda, bayan haɗi da dahuwa, ta ba ka wajen rabin tan, ka ga hekta na son mota shida zuwa goma. Shi ya sa nake cewa a fara da rubu'in hekta. A zuba takin a watan Mayu, makonni kafin ruwan shuka. Gara za ta zo ta huda ƙasan ramin, kuma hujin nan nata ne ruwa zai bi ya shiga. A fako gara abokiyar aiki ce.

Idan da ɗan gangare, rabin wata za a yi, wato rami mai siffar rabin da'ira da ke tare ruwa. A fara fitar da layin da ke gicciye da gangaren, ba hawa ba sauka, ta amfani da ma'aunin tiyon ruwa. Faɗin baki mita 4, zurfi santimita 15 zuwa 25, bakin na kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar a tara ta a baya a daddale. Mita 8 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gaba, mita 4 tsakanin layi da layi, a karkace. Hekta na ɗaukar 313. A sassake cikin, a cuɗa baro guda na taki da ƙasar, a rufe. Hekta zai ci sama da tan 10, don haka idan takin bai isa ba, gara a cika rabin wata ɗari da kyau da a shafa wa ɗari uku.

Ramin itace kuma santimita 40 ta kowace fuska. Shebur biyu na taki a cuɗe da ƙasa a ƙasan ramin, sai ƙasa zalla kamar taƙi ɗaya a sama, don saiwar ɗan itacen ta yi ƙwari kafin ta kai ga takin. A dasa idan damina ta kankama, daga tsakiyar Yuli zuwa ranar itace ta 3 ga Agusta. Wanda ya wuce nan da yawa, ruwa zai ɗauke kafin itacen ya kama.

Me za a shuka

Shekara biyu na farko, itace da ciyawa. Daƙwara don ƙaro, bagaruwa, aduwa, magarya, gawo inda ƙasar ke da zurfi. A cikin rabin wata a watsa irin gamba da ƙyasuwa. Ka buɗe ido kuma: da zarar laima ta zauna, za ka ga tsofaffin kututturan sabara da kalgo da ka zaci sun mutu suna tofo. Kada ka sare su. Zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka rage sauran. Sassaben zamani ke nan, wanda ya soma a nan jihar Maradi a 1983 da aikin Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, da manoman ƙauyuka, har ya kai ga farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Itacen da ya tofo daga tsohuwar saiwa ya fi wanda aka reno a leda jure rani.

Hatsi da dawa a tassa ba laifi, muddin littafinka ya nuna zafin ya cika: zangarniya na sama, taki na ƙasa, watanni sun shige tsakani, kuma dafawa ake yi. Amma aya da gujiya a'a, tunda cikin ƙasa suke ƴaƴa kuma ɗanyu ake cinsu. Salati, kabeji, karas, albasa, tumatir, duk a'a. Na san masu lambun Jiratawa da na bakin Gulbi za su zo neman takin idan suka ga baƙinsa, da kuɗi a hannu. Kada ka sayar musu sai an auna shi a ɗakin gwaji.

Akwai tambayar da za a yi maka a majalisa, gara ka shirya mata: "Malam, ba najasa ba ce?" A fiƙihun Malikiyya da muke bi, Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa shukar da aka raya da najasa cikin abubuwa masu tsarki. Mai aikin dai ya wanke jiki ya sauya tufa kafin salla. Batun sayar da ita ne malamai suka yi saɓani a kai, don haka a zauna da limamin gari tun kafin a fara. Ka kai shi wurin ya ga ɗanyar da dafaffen da idonsa.

Mataki na shida: tsaro da gyara

Duk wahalar nan garken awaki ɗaya na iya share ta da yamma guda. Filin na son hutu daga kiwo shekara biyu zuwa uku, da mai gadi da ake biya, da yarjejeniya da makiyaya wadda ba ta toshe burtali ko hanyar mashaya ba. Idan ciyawa ta nuna ta zubar da iri, a yanka a raba ko a sayar, a bar kashi ɗaya cikin uku a kwance ya rufe ƙasa. Makiyayin da ya samu damin gamba daga filin shi ne zai fara korar dabbar da ta shiga. A share hanyar wuta a kewaye kafin Nuwamba.

Bayan kowane babban ruwa a zagaya a ɗinke kunyar da ta fashe. Da rani na biyu a yashe rairayin da ya cika tassa, a maye itatuwan da suka mutu. Ba sai an sake zuba taki kowace shekara ba. A rami ɗaya, bayan shekara biyu ya isa, sabon takin a kai shi sabon fili. A ƙarshen Satumba ka soka rodi a cikin rabin wata, ka soka a fakon da ba a taɓa ba, ka rubuta zurfin da kowane ya shiga. Ka ƙirga itatuwan da suka rayu da dammunan ciyawar da aka yanka, ka ɗauki hoto daga wuri ɗaya da ka ɗauka bara. Da wannan littafin za ka koma ma'aikatar magajin gari a Oktoba, lokacin da za ka nemi a ƙara maka gado na huɗu, a kuma umarci motocin unguwa su daina juyewa a kwari su nufo shingenka.